Marka Ungozoma da Dogon Ƙwai

A Anka, in ka ji tsohuwa ta ce wa ƙaton magidanci mai gemu, "Ruhe mani baki, ni niy yanke ma cibi," kuma ka ga ya ja bakinsa ya yi shiru, to Marka ce. Ungozoma ce, a hannun kakarta ta koyi aikin. Ba ta da tsawo, ba ta da jiki, sai murya da hannu mai sanyi wanda matan unguwa suka yarda da shi. Ita ke yanke cibi, ita ke binne mabiyiya, ita ke tsayawa kan wankan jego har sai ta ga tururi ya ratsa mai jego. Mijinta Dikko ya rasu tun shekarun farin nan da suka cinye shanu, 'ya'yanta mata suna ɗakunan mazajensu a Gummi da Bukkuyum, autanta Namadi kuwa malamin gona ne a Sakkwato. Ita kaɗai ta rage a gidan, kuma ba ta taɓa cewa kaɗaici ya dame ta ba, don sallamar mata ba ta yankewa a zaurenta.

Kowa da abin da aka san shi da shi. Ita Marka, bayan ungozomanci, da dokar fitila aka san ta. A gidanta ba a ƙyasta ashana a kai wa lagwani sai ladan ya kira Magariba. Tun zamanin aci-balbal ta taso da wannan, lokacin da man gyaɗan da za a zuba a fitila shi ne dai wanda za a zuba a miya. Da kananzir ya zo, dokar ba ta motsa ba. In ta shiga gidan mutane ta tarar da fitila na ci alhali akwai sauran rana a kan katanga, ba ta neman izini, hurewa take yi, ta ce, "Allah ya kunna tashi, ke kuma kin kunna taki. Gasa kika yi da shi?" Namadi ya fi kowa sanin zancen. Yana yaro ɗokin karatun boko ya sha sa shi kunna fitila da wuri, bayan hannunsa kuma ya sha haɗuwa da ƙotar maficin Inna.

Sai tsufa ya zo mata ta inda ba ta zata ba. Ƙafa lafiya, kunne lafiya, baki kuwa ba a magana, amma dundumi ya kama ta. Da rana tana iya tsince tsakuwa a shinkafa, da rana ta faɗi sai duniya ta rufe mata. Ta ci gasasshiyar hanta har ta gundure ta, ta sha ƙwayoyin asibiti, abin ya ɗan sassauta ya dawo. Ta ɓoye wa kowa, don Marka ta fi son a ce tana da faɗa da a ce tana da rauni. Asirin ya tonu ne wata Magariba da damina, ta ɗauko fitila za ta ɗaki, ta yi karo da turmin da ita da kanta ta ajiye. Fitila ta fashe, kananzir ya malale, wuta ta kama tabarma da gefen zanenta. Saude, matar maƙwabcinta Hammadu, ita ta kutso ta 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu, da cikinta da komai, ta juye mata ruwan randa. Ƙunar ba ta kai ta kawo ba, amma kafin ta warke labari ya riga ya isa Sakkwato.

Namadi ya zo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya duba ƙafar da ta ƙone.

"Inna, ki haɗa kayanki," in ji shi. "Na gyara maki ɗaki. Akwai siminti, akwai hwamho cikin gida."

"Hwamhon ya san sunana?"

"Inna, wuta ta kusa cinye ki."

"Ta kusa, ba ta ci ba. Auta, can wa za ya aiko a kira ni? In tahi in zamna ina kallon bango, ana ce mani Innar Malam?"

Ba rashin kunya gare shi ba, tsoro ne, ita ma ta san haka. Suka ja, suka ja, har suka tsaya a tsakiya. Shekarar ce aka jawo wayar lantarki unguwarsu, daga injin gari da ake tayarwa bayan La'asar. Ƙananan ƙwayayen da mutane suka rataya ba su isa idon Marka ba, don da duhu ya yi sai su koma ja. Namadi ya ce zai sa mata dogon ƙwai, irin farin nan na ofis, a rumfar ƙofar ɗakinta, ya haska tsakar gida da cikin ɗaki gaba ɗaya. Fitilar kananzir kuma ta yi sallama da ita har abada.

"In wutag ga ta riƙe ki, kin zamna," ya ce. "In ba ta riƙe ki ba, da an yanke gero ina zuwa da mota, kuma ba mu sake jayayya."

Ta ce ta yarda. Marka ba ta warware magana, shi ya sa alkawarin ya yi mata nauyi tun daga ranar.

Wanda ya yi aikin Dogara ne, mutumin Zuru, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Mutum ne mai haƙuri da fara'a, kuma Marka ce ta karɓi haihuwar 'yarsa ta biyu, saboda haka shi ma Inna yake ce mata. Da rana yana shago, da yamma kuma shi ke tsaron injin wani ɗakin shan magani, ba ya samun kansa sai gari ya yi shiru. Ya ja waya, ya kafa allon da zai riƙe ƙwan, ya ɗaura shi. Da aka tayar da injin gari ya danna makunni, ƙwan ya ƙifta, ya ƙifta, ya kama fari fat. Marka ta ce masha Allah, ta sa masa albarka, ta miƙa hannu ta kashe, don rana na nan a kan bishiyar dogon yaron ƙofar gida. Namadi ya koma Sakkwato da kwanciyar rai.

Da ladan ya kira Magariba ta yi bisimilla ta danna. Bakunan ƙwan biyu suka yi ja, wani ɗan abu a jikin allon ya shiga ƙyas-ƙyas, haske ya walƙa ya ɗauke, ya walƙa ya ɗauke. Ta jira. Ta kashe ta sake dannawa. Haka dai. Ranar nan, da lalube ta ci tuwonta.

Washegari ta aika aka kira Dogara. Ya zo bayan La'asar, ya danna, wuta ta kama kamar ba ita ba. Duk da haka bai raina maganarta ba. Ya cire ɗan abin nan mai ƙyas-ƙyas, ya ce sunansa sitata, shi ke tayar da ƙwan, ya sa sabo. Ya kunna, ta kama, ya tafi, Marka ta kashe a bayansa. Magariba ta yi, aka koma gidan jiya. Zuwansa na gaba ya murɗa ƙwan ya sauke, ya kankare 'yan ƙafafunsa da wuƙa, ya ɗaɗɗaure wayoyi. Na gaba ya buɗe allon ya canza wani baƙin ƙarfe mai nauyi da ya kira cok. Kullum wutar sai ta yi masa biyayya, kullum sai ta juya wa Marka baya. Abin haushin shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Wata rana ya tattara kayan aikinsa, ya sosa ƙeya, ya ce a hankali, "Inna, ko dai wajen dannawa na? Dibi, ƙasa aka yi da shi, ba sama ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Dogara, hannun da yaj juya ɗiyarka cikin ciki, shi na bai iya danna ɗan abin ga ba?"

Ya ba ta haƙuri, amma maganar ta riga ta shige ta. Ta gane kallon da ya yi mata, irin wanda ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa. Saude ma ta zo ta gwada da Magariba, ta ga abin da idonta, amma shaidar mace mai tsohon ciki a bayan katanga ba ta kai Sakkwato. Matan unguwa kuwa kowace da fassararta. Wata ta ce mutanen ɓoye ne ba sa son farin haske, wata ta ce a yi hayaƙi. Marka ta ce in aljanu ne to sun cika rashin aikin yi. Ana haka gero ya nuna, aka shiga yanka, direban motar Sakkwato ya tsaya a zaure ya isar da saƙo: Malam ya ji Inna na kwana cikin duhu, yana nan tafe ranar Asabar ta sama.

Ranar Marka ba ta yi wa kowa faɗa ba, abin da ya sa Saude ta san ba lafiya. Ta zauna a rumfa tana bin gidan da kallo. Ga randar da aka kawo ta da ita, ga murhun da ta dafa ruwan jegon rabin unguwa a kai, ga bayan ɗaki inda aka binne mabiyiyar Namadi kansa. Ta yi kuka, kukan gaske, ba ta ɓoye wa kanta dalili ba: ba ta son ta mutu baƙuwa a garin da ba wanda zai ce ita ta yanke masa cibi.

Dogara bai haƙura ba, abin ya tsaya masa a rai. Ya sa aka sayo masa sabon ƙwai dungurungum daga Gusau, ya zo da shi ranar Litinin bayan La'asar. Ya hau turmi ya ɗaura, ya sauko ya danna, ya kama. Marka ta ɗaga hannu ke nan za ta yi abin da ta saba, sai muryar Hammadu ta ƙetaro katanga.

"Inna, ki taimaka, Saude ta durƙusa."

Hannun bai kai ga makunni ba. Ta shige ɗaki ta ɗauko ƙunshin reza da zare, ta bi ta 'yar ƙofa ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Dogara ya ga ba wurin zaman namiji ba ne, lokacin aikinsa kuma ya matso, ya kwashi kayansa ya fice. Shi bai taɓa kashe wutar ba, kullum ita ke kashewa, saboda haka bai ma tuna ba.

Haihuwar ta zo da gardama kaɗan, amma kafin rana ta faɗi yarinya ta sauko tana tsala kuka. Marka ta yanke cibi da sauran hasken yamma, ta gyara uwa, ta wanke jaririya, ta tsaya sai da aka dama kunun kanwa. Ko da ta gama an idar da Magariba. Ƙwan ɗakin Saude ya koma ja, ita kuwa ba ta ganin ko tafin hannunta. Hammadu ya miƙa mata bakin sanda ya riƙe ɗaya bakin, yana ja mata gora. Suna isa 'yar ƙofar ta ja ta tsaya.

Tsakar gidanta fari tas. Ga turmi, ga randa, ga takalminta inda ta bar shi, har jerin tururuwa a gindin murhu tana gani. Kuma don a san hali zanen dutse ne, abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "Wane almubazzari na yab bar wuta tana ci tun da rana?" Sai da ta ji maganar da kunnenta sannan ta tuna ita ce ba ta kashe ba. Ta saki sandar Hammadu, ta taka da ƙafarta har rumfa, ta zauna ƙarƙashin ƙwan tana kallonsa.

Ba ta yi gaggawa ba. Washegari ta jira Magariba ta danna, ƙwan ya koma ƙifce-ƙifcensa. Da safe ta yafa mayafi ta tafi bakin kasuwa da kanta, ta tsaya a ƙofar shagon Dogara.

"Ɗan nan, in tambaye ka. Wutag ga daga wuri guda kowa ka ɗiba?"

"Daga inji guda, Inna."

"To rijiya ta. Wanda yas sammaka shi ka samun ruwa. In kowa ya zura guga lokaci guda, sai laka."

Dogara ya ajiye rediyon da ke hannunsa, ya dafe kai. Ya ce wallahi haka ne, shi ne bai taɓa zuwa da Magariba ya gani ba. Da duhu ya yi gari duka ke kunnawa, wutar ta yi rauni. Ƙaramin ƙwai zai lallaɓa ya ci ko da ja ne, amma dogon yana son wuta mai ƙarfi kafin ya tashi, in ya riga ya tashi kuwa yana riƙewa.

"Maganin kenan, Inna. Da an ta da inji ki kunna, kada ki kashe."

"Da rana tsaye?"

"Da rana tsaye."

Nan fa ake yin ta. Dogara ya gyara abin da yake na waya da ƙarfe, saura wanda ba shi da kayan kwance shi. Ranar Laraba injin gari ya tashi, Marka ta zo gaban makunni ta tsaya. Ta dubi rana a kan dogon yaro, ta dubi hannunta. Ta tuna kakarta tana auna man gyaɗa da ludayi, ta tuna fitilun mutane da ta hure a gidajensu, da bakin da ta yi musu. Ta ce bari rana ta ƙara yin ƙasa kaɗan. Ta ɗan share rumfa, ta ɗan ba kaji ruwa, ta sake cewa kaɗan dai. Ko da ta danna an makara. Ta kwana cikin duhun da ta saya wa kanta, tana jin haushin kanta, ga Asabar na matsowa.

Ranar Alhamis ta je gasa wa jaririyar Saude cibi. Tana riƙe da yarinyar, Saude ta ce, "Inna, in kin tahi, wa za ya karɓi na gaba?" Marka ta ce ta bari ta warke daga wannan tukuna, marar kunya. Amma da ta dawo gida ta ji tashin inji, ba ta tsaya share-share ba. Ta je ta ɗora yatsa a kan makunni, ta ɗaga kai sama, ta ce, "Allah, ka dai san ba gasa nika yi da kai ba." Ta danna.

Kafin Juma'a labari ya zaga unguwa. Matan da ta taɓa hure wa fitila suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, wai sun zo gaisuwa, idonsu na kan rumfa. Wata ta ce, "Inna Marka, ko in hure maki?" Marka ta ce ta hura, in numfashinta ya kai. Aka yi dariya, ita ma ta yi, ko da yake ta ji kunya har cikin ranta.

Ranar Asabar da La'asar sakaliya a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Namadi ya shigo da sallama, ya zo da igiya da buhunan zuba kaya. Ya durƙusa zai gaishe ta, sai idonsa ya kai ga rumfa. Dogon ƙwai na ci, rana na haska katanga. A ransa ya ce ashe abin ya wuce ido, Innar da ya sani ba za ta zauna ƙarƙashin wuta da rana ba in tana cikin hankalinta. Tausayinta ya kama shi har ya kasa haɗa ido da ita. Ta tashi za ta kawo masa fura, shi kuma ya miƙe a hankali, ya kai hannu ga makunni don ya rufa mata asiri kafin wani ya shigo.

Ƙotar mafici ta sauka a bayan hannunsa, daidai inda ta saba sauka.

Ya janye hannun yana yarfewa, malamin gona guda da furfura a gemu. "Inna, ke fa kinka hana."

"Ni nih hana, ni kuma nis sake doka. Zamna ka sha hura."

Ta ba shi labarin rijiya da guga. Ya saurara da ladabi, amma ta ga bai gama yarda ba, ba ta kuwa matsa masa ba. Da aka kira salla ya fita masallaci. A hanyar dawowa ya ga ƙwayayen zaurukan unguwa duk sun yi ja, da ƙyar mutum ke gane fuskar ɗan'uwansa. Ya ratsa zauren gidansu ya tarar da tsakar gida kamar an shimfiɗa farin zane. Ya tsaya daga bakin zaure bai yi sallama ba, yana kallo. Inna ta taso daga murhu da akushin tuwo a hannu ɗaya, kwanon miya a ɗaya. Turmin nan yana kan hanyarta. Ta kewaye shi ba tare da ta rage tafiya ba, ta ajiye abinci a tabarma, ta ɗago ta ce, "Mi kaka yi nan tsaye awa baƙo?"

Ya zo ya zauna. Zai sa hannu a akushi ta kama hannun, ta juya shi cikin haske, ta ga shatar da mafici ya bari. Ta ɗauko man kaɗe ta shafa masa, tana cewa tun yana yaro fatarsa ba ta da ƙwari. Namadi ya sunkuyar da kai, idonsa ya cika. Ya yi murna, ya kuma ji zafin cewa ɗakin da ya gyara zai zauna ba kowa. Bai ɓoye mata ko ɗaya ba.

"Jibi sunan ɗiyar Saude," ta ce. "Ka ga ko ba wuta ban da lokacin tahiya."

Buhunan da ya kawo ba su koma wayam ba. Washegari ta cika masa su da sabon gero, ta ƙulla daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa don matarsa. Sallama da 'yan'uwa ta riƙe shi har bayan La'asar. Direba na ta danna oda a waje lokacin da ƙugin injin gari ya taso. Marka na tsugune tana ɗaure bakin buhu, hannunta duk igiya. Namadi ya dubi rana a kan dogon yaro, ya dubi maficin da ke gefenta, ya taka zuwa rumfa ya danna makunni. Ƙwan ya ƙifta, ya ƙifta, ya kama. Ya juyo yana jiran abin da za ta ce.

Ba ta ko ɗago kai daga buhun ba.

"Ka kusa makara, Auta," in ji ta.